Ba Ki Yi Kama da Su Ba

Ranar da ta fara shiga ofishinsa ba ta zauna ba. Ta ajiye jadawalin aikin ɗakin magani a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan sunanta.

"Lahadi shida a jere, ranka ya daɗe. Ƙirga."

Sabon shugaban sashe ne, watansa biyu a asibitin. Ya ƙirga. Shida ne.

"Ba da gangan na yi ba," in ji shi.

"Na sani. Ranar Juma'a kuna da awa biyu, ni nake riƙe muku tagar ba da magani, kuma ban taɓa ƙorafi ba. Amma ba wanda ya roƙi awa biyun nan, a rubuce kuka same su. Ni kuwa kafin in je coci sai na zo na roƙa."

Ya gyara jadawalin. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Lauya, an yi adalci?"

"An fara, Mai Jadawali."

Wata takwas suka yi suna musu, a layin karɓar abinci da kuma a waya. Shi ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Ita ta ba shi labarin ɗakin hayar da aka ce mata akwai, har sai da mai gidan ya karanta sunanta a katin aiki, ya tuna ɗan'uwansa zai shiga. Ta lura ya rage ba ta amsa, ya koma tambaya. Daga nan ta fara sonsa.

Da maganar aure ta taso, babanta bai yi murna ba. Shekara ashirin da tara ya yi yana koyarwa, ɗalibansa uku suka zama shugabanninsa.

"Shi yana son ki, na yarda," ya ce. "Danginsa fa? Ga mai kaɗa piyano a cocinmu, kullum sai ya tambaye ni ke."

"Baba, ni ba piyano zan aura ba."

Mahaifiyar saurayin ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ta zaunar da ita kusa da ita, ta daɗe tana kallonta.

"Masha Allah, ga natsuwa ga kunya. Wallahi 'yar nan, ba ki yi kama da su ba."

Shi kuwa saurayin, da ke zaune a gefe, ya yi dariya.

"Ba sai kawunnansa sun sani ba tukuna," uwar ta ƙara. "Sarƙar nan mai gicciye ma, ranar biki a tura ta cikin riga."

Budurwar ta yi godiya, ta fita. Tana mota saƙonsa ya iske ta: "Yabon ki fa ta yi, Lauyata."

"Da ta ce ban yi kama da su ba, su wa ke nan? Mamana tana cikinsu. Da ita nake kama, har hanci. In sai an ɓoye ni za a aure ni, a bar shi."

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba. A wurin aiki gaisuwa kawai.

A rana ta goma ya rubuto: "Na faɗa wa kawunnaina uku da bakina. Ɗaya ya kashe waya, biyu za su zo. Na ce wa Umma a waje sarƙar za ta zauna. Dariyar da na yi ita ta fi damuna. Ban ce ki yafe yau ba."

Ta karanta sau biyu.

"Gobe ka zo. Baba yana gida, kuma kada ka sa ran kujera mai kyau."

An yi bikin a wani ƙaramin zaure, dangi gefe da gefe. Da aka miƙa wa babanta makirufo ya sa albarka, ɗaya daga cikin kawunnan ya sunkuyo, ya raɗa masa ya taƙaita, ya bar ƙarshen.

Amarya ta ji.

"Baba," ta ce, ba ta rage murya ba, "ka yi ta yadda kake yi a gida."

Tsohon ya yi ta cikakkiya, ya rufe da sunan Yesu. Rabin zauren suka ce amin. Ɗaya rabin suka yi shiru, amma ba wanda ya tashi.

Sai uwar ango ta miƙa hannu a ba ta makirufon.

"Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka," ta ce. Ta dubi amarya. "Ya kuma ba ɗana haƙuri, don wannan ba za ta bar masa magana ba."

Baban amarya ne ya fara cewa amin.