Angon da Brazil Ke Jira

"Kashe wayar nan, Yaya Majid."

Shaima ta faɗa ba tare da ta ɗago daga kwalin carbin da take ɗaurewa ba. Amma ina, muryar ta riga ta cika ɗan shagonsu na unguwar Utaibiyya a Makka. Lurwanu ne yake dariya, yana zuba yaren Fotugis kamar a can aka yanke masa cibiya.

Lurwanu kuwa tun Hajjin bana yake ƙarƙashin ƙasa. Zafin Arfa ne ya kayar da shi yana rabon ruwa ga alhazai.

"Ba zan kashe ba," in ji Majid. "Kin san mutanen Brazil. Sai sun ga fuskar da suka saba da ita suke sayen abu. Ranar da suka daina ganinsa, halas, shi ke nan, shagon nan ya mutu."

Gaskiya ya faɗa, ko da yake bakinsa bai dace da faɗinta ba. Lurwanu ɗalibi ne daga Zariya, ya taɓa koyarwa a wani masallaci a birnin Sao Paulo na Brazil, shi ya buɗe musu shafin Instagram. Musulman can ba sa sayen ko aswaki sai sun turo doguwar murya, sun ba da labarin ciwon uwarsu da rigimar maƙwabta. Lurwanu yakan saurara duka, ya kira kowa da sunansa. Shaima na gefe tana naɗe kaya, hannunta kawai ake gani. A haka so ya shiga tsakaninsu, har yakan ce mata, "Habibti, hannun nan naki ya fi ni farin jini."

Da ya zo neman aurenta, wannan Majid ɗin ne ya tsaya kai da fata. "Ba ma ba baƙo ɗan ikama 'yarmu. Gobe takardar zamansa ta ƙare, ya kwashe mana ke sai Najeriya."

Yau ga shi shi ne ke sake ɗora tsofaffin bidiyon mamacin, yana rubuta wa masu tambaya cewa karatu ne ya riƙe shi. Akwai guda ɗaya da ya fi ɗorawa, don da an saka shi sai oda ta yi ta shigowa. Bai taɓa damuwa ya san me ake cewa a ciki ba.

Ita ma Shaima, in za a faɗi gaskiya, hanin nata iyakarsa leɓe. Kaburburan Makka ba su da suna. Ba ta san inda yake kwance ba, ba ta da wurin da za ta nuna ta ce ga shi nan. A shafin nan kaɗai ake gaishe shi kowace safiya kamar yana raye. Tana tsoron muryar, tana kuma tsoron ranar da za ta daina jin ta.

Bayan la'asar wata dattijuwa ta yi sallama, tana rungume da jaka.

"Nan ne shagon Lurwanu? Ni ce Nora, daga Brazil. Umara na zo."

Larabcinta a karye yake, wajen mijinta ɗan Lubnan ta koya. Idonta ya sauka kan hannun Shaima, sai fuskarta ta washe.

"Ke ce! Na gane hannun. Ina angon?"

Shaima ta janye hannunta daga kan kayan.

"Yana makaranta, Hajiya," Majid ya yi caraf ya amsa.

Nora ta buɗe jakar ta fito da farin mayafi mai saƙar hannu. "Matan masallacinmu ne suka saƙa wa amarya. Wallahi ɗakina cike yake da carbi, ba ni da abin yi da su. Duk lokacin da muka ga bidiyon nan sai mu ce har yanzu yaron nan bai samu ba, mu ƙara saye mu taimaka masa."

"Wane bidiyo?" in ji Shaima.

Nora ta ciro wayarta ta kunna. Shi ne wanda Majid ya fi ɗorawa.

"Don Allah Hajiya... me yake cewa?"

Dattijuwar ta dube ta da mamaki, sannan ta fara fassarawa a hankali.

"Yana cewa, 'Hannun nan da ke ɗaure kayanku na Shaima ne. Ita nake so. Yayanta ya ƙi ni, amma mutumin kirki ne, tsoron rabuwa da ita yake. Ku taya ni addu'a, bayan Hajji zan sake tambayarsa.'"

Majid ya dafa kantar shagon, ya zauna kan kwali.

Shaima ta karɓi mayafin ta rungume a ƙirjinta. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Hajiya, Lurwanu ya rasu. Tun ranar Arfa."

Nora ta toshe baki da hannu. "Amma jiya na gan shi..."

"Ni ma kullum ina ganinsa."

"Shaima, ki yi tunani," Majid ya faɗa, amma babu ƙarfi a muryar.

Ta miƙa hannu, ya ba ta wayar. Karo na farko ta juya kyamara kan fuskarta, ta buɗe shafin kai tsaye. Tana faɗa, Nora na fassarawa cikin kuka. Ta ba su haƙuri, ta roƙe su addu'a maimakon ciniki. Saƙonni suka yi ta hawa, ba ta iya karanta komai ba sai sunansa.

Da ta gama, Nora ta riƙo ta. "'Yata, a kai ni kabarinsa."

"Babu suna a kai, Hajiya. Ni ma ban san shi ba."

Majid na duƙe, kansa a ƙasa. "Wallahi da ya dawo ya sake tambaya, da na ba shi."

Shaima ta dube shi, babu faɗa a idonta, sai gajiya.

"Ya tambaya, Yaya. Kullum yana tambaya. Kai ne ma kake kunna shi."

Ta kashe wayar ta ajiye a kan kantar shagon. Shagon ya yi tsit, ta tsaya da farin mayafin a hannu tana kasa kunne, ba ta ƙara jin dariyarsa ba.