Rigar Huseina a Jikin Baƙuwa

Huseina tana tsugune a gindin turmi tana goge takalman wasanta da tsumma lokacin da Gwaggo Barira ta yi sallama ta shigo, fuska ba annuri. Inna Hure ta shimfiɗa mata tabarma, Malam Dabo ya fito daga turaka yana yi wa yayarsa sannu da zuwa. Kowa a gidan ya san abin da ke tafe da ita. Washegari ne Huseina za ta tafi Kano, daga can ƙungiyarsu ta Barewa ta wuce Kaduna gasar ƙwallon raga ta mata.

Duk ƙauyen Tsamiyar Kara da ke ƙasar Kunci babu macen da ta kai Huseina tsawo, ga ta kuma bahaguwa. Tana ƙarama, hagun nan ya sha ludayi a hannun Gwaggo Barira, don da ta miƙa shi cikin kwanon tuwo sai ki ji ƙwas! Amma hali zanen dutse, hagu ya ƙi komawa dama. A makarantar kwana wata malamar wasanni ta ga yadda yarinyar ke dukan ƙwallo, daga nan magana ta kai Kano. To, a shekarun nan da taki ya gagari manomi, kwanon gero ya gagari mai saye, hannun da aka yi ta duka shi ya koma riƙe gidan Malam Dabo da ɗan alawus ɗin wasa.

Sai kuma Lawan, ɗan farin Gwaggo Barira, mai yi wa wani ɗan kasuwa awon hatsi a Dawanau. Taubasai ne shi da Huseina, tun suna yara yake ce mata Falwaya, ita kuma ta ce masa Ɗan Duƙurƙur. Wasa-wasa tsokana ta zama so, irin son da ba ya ɓoyuwa. Manya suka shiga, aka kai kayan sa rana, aka ce biki sai bayan kaka.

Bayan an gaisa Gwaggo ta dubi Huseina.

"Ni ban hana ki neman halalinki ba, na san halin da ake ciki. Amma ranar da aka ce mini an ga cinyarki ko gashin kanki a bainar jama'a, to babu ke babu yaron nan."

Yaron nan Lawan ke nan, ba ta kama sunansa saboda kunyar ɗan fari. Huseina ta shiga ɗaki ta ɗauko dogon wandon da take wasa da shi da ƙaramin hijabi mai kama kai, ta shimfiɗa su a gabanta.

"Da su nake wasa, Gwaggo, kuma da su zan yi. Na yi miki alkawari."

A Kaduna suka tarar da sabon tsari. Shekarar an yarda kowace ƙungiya ta ɗauko baƙin 'yan wasa daga ƙasashen waje, don gasar ta yi armashi. Barewa ta ɗauko wata doguwa daga Kamaru mai suna Kilaris, ba ta jin Hausa sai sannu da na gode. Ana gobe wasan farko mai horar da su, Koci Asiya, ta ja Huseina gefe tana kame-kame. Magana biyu ce, kuma duk masu ɗaci. Ta farko, gurbin Huseina baƙuwar za ta tsaya, ita sai benci. Ta biyu, sababbin rigunan da aka ba da ɗinki ba su iso ba, yadi ya yi tsada, kuma duk ƙungiyar babu rigar da za ta shigi Kilaris sai tata.

Huseina ta shiga banɗaki ta yi kukanta mai isarta. Ta baro gida, ta sha gorin mutane, ga shi za ta ƙare a 'yar kallo. Amma da ta fito ta ga baƙuwar zaune ita kaɗai a bakin gado, babu mai yi mata magana, sai tausayi ya kama ta. An ce baƙonka annabinka. Ta ɗauko rigar, ta yanki filasta ta manna a kan sunanta da ke rubuce a baya, ta miƙa mata da hannu biyu.

Abin da ba ta yi lissafi da shi ba gumi ne. Kafin a gama zagaye na biyu na wasan filasta ta saki ta faɗi, sunan HUSEINA ya fito ɓaro-ɓaro a bayan wata mai gajeren wando, kai babu ko ɗankwali. Wani daga can saman 'yan kallo ya ɗauki ɗan guntun bidiyo, ta baya, ba a ganin fuska, ba a ganin benci. Kafin Barewa ta buga wasa na gaba bidiyon ya sauka a shagon cajin waya na Mika'ilu, a bakin kasuwar Tsamiyar Kara.

Abin da ke ƙona mini rai a labarin nan shi ne, duk manyan da suka yanke wa yarinyar hukunci babu wanda ya kalli bidiyon. Kunya ta hana. Dattijo ya sa ido a kan tsiraicin 'yar cikinsa? Allah ya kiyaye. Samari suka gani suka faɗa wa matansu, mata suka kai gidan suna, a gidan suna Gwaggo Barira ta ji, an riga an ƙara masa gishiri da yaji.

Lawan ya baro Dawanau a gigice, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa da waya a hannu. Ya ce ya kalla ya sake kalla, wadda ke cikin hoton da dama take duka, Huseina kuwa kowa ya san bahaguwa ce. Ya roƙe ta ta duba ko sau ɗaya. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni za ka nuna wa tsiraici? So ya makantar da kai har ka rasa kunyata? In dai ni na haife ka, ka fita harkar yarinyar nan."

Ta aika wa ƙanenta cewa sun fasa. Malam Dabo da kansa ya ɗaure kayan sa rana a bayan keke ya mayar, ya ratsa ta gaban majalisa kowa na kallonsa.

Huseina ta dawo da jakarta ba ta taɓa ƙwallo ko sau ɗaya a gasar ba. Tun daga tasha ta ga an canza mata. Matan da ke tsayar da ita su yi mata barkwanci suka riƙa kau da kai. Ta shiga gida ta sami Inna Hure idanu sun kumbura, Malam Dabo yana zaune a kan buzu da carbi. Ta durƙusa, ya daɗe yana dubanta.

"Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Baba. Rigata ce, amma ba ni ba ce."

"To shi ke nan. Ban taɓa kama ki da ƙarya ba."

Ya yarda, amma yardar mutum ɗaya ba ta toshe bakin gari. Ya je wurin yayarsa ya yi mata bayani, ya roƙe ta ta bari a nuna mata, ta ce 'ya da uba ai bakinsu ɗaya. Koci Asiya ta bugo waya ta rantse, Gwaggo ta ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Habaici ya yi yawa har Malam Dabo ya daina zaman majalisa, daga masallaci sai gida, daga gida sai gona. Huseina ta ga yadda mahaifinta ke ramewa, ta rataye takalmanta a ƙusa ta ce ta bar wasa. Alawus ya tsaya, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, shi ma da miyar kuka ba mai.

Lawan bai saɓa wa mahaifiyarsa ba, bai sake zuwa zance ba. Amma da ta fara yi masa maganar wata yarinya, sai ya ce ta yi masa haƙuri, zuciyarsa ba ta da wuri. Da kaka ta yi ya ɗauki lauje ya tafi gonar kawunsa, wannan kuwa ko Gwaggo ba ta isa ta hana ba, zumunci ne. Can ya haɗu da Huseina ta kawo wa masu aiki kunu. Suka tsaya nesa da juna kamar baƙi.

"Falwaya," ya ce a hankali, yana son ya sa ta dariya.

Maimakon dariya sai hawaye. Ta ce ya je ya yi aurensa, kada ya ja wa kansa fushin uwa saboda ita.

"Ba zan saɓa mata ba, kuma ba zan auri wata ba. Ni na gani da idona, ba ji na yi ba. Zan jira."

Ana cikin ɗaurin dami Malam Dabo ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka ce hawan jini ne. Yana kwance yana ta tambayar ko Yaya Barira ta zo. Ta zo, amma ta yi nauyin ƙafa, ta tarar harshe ya riga ya karye. Ya bi ta da ido kawai, hannunsa riƙe da na Huseina, har rai ya yi halinsa. Huseina ta yi kukan da ya sa ko masu zaginta suka sunkuyar da kai. Mutum ɗaya da ya tsaya mata a gidan duniya ya tafi, kuma ya tafi da baƙin cikinta a ransa.

Gwaggo ta zauna makoki a gidan, amma ko gaisuwar Huseina ba ta amsawa. Ranar sadakar bakwai da hantsi wata bas ta tsaya a ƙofar gida. 'Yan Barewa ne tare da Koci Asiya suka zo ta'aziyya. Kilaris tana cikinsu, ta dawo ƙasar don zagaye na biyu na gasar, ta tambayi ina mai rigarta, aka ba ta labari, ta ce ko da ƙafa sai ta zo. Suka ɗaura mata zane, suka sa mata hijabi.

Gwaggo ta fito daga ɗaki ta hangi doguwa tsaye a bakin randa ta ba ta baya. Haushi ya sa ta manta ba ta yi da ita.

"Ke Huseina, baƙi sun cika gida kin tsaya ƙerere. Ɗebo musu ruwa mana."

Doguwar ta juyo, sai ga fuskar da Gwaggo ba ta taɓa gani ba. A daidai lokacin Huseina ta fito daga madafa da ƙwarya a hannu. Tsawo ɗaya, faɗin kafaɗa ɗaya. Kilaris ta buɗe jaka ta ciro rigar a ninke, ta durƙusa kamar yadda aka koya mata a mota, ta haɗa 'yar Hausarta.

"Riga nata. Ni na sa. Yi haƙuri, Mama."

Gwaggo ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ita da ta goya yarinyar nan ta kasa gane bayanta daga nan zuwa randa, ina ga samarin shagon caji? Ta ce a kira mata yaron nan, ya zo da wayar. Lawan ya shigo ya kunna mata. Wannan karon ba ta rufe fuska ba. Ta ga mai rigar ta yi tsalle, ta ɗaga hannu ta daki ƙwallo.

"Dama ce," in ji Gwaggo. "Ni na san hagun yarinyar nan, ni na sha dukansa. Wannan ba Huseina ba ce."

Sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, tana kiran sunan ƙanenta. Ta ce Dabo ya zo har ɗakinta yana roƙonta ta duba, ta ƙi. Ta rarrafa ta kama hagun Huseina ta ɗora a fuskarta tana neman gafara. Huseina ta ce ta yafe, duniya da lahira. Abin da ba ta faɗa ba, kuma kowa ya ji shi a kukanta, shi ne wanda ya fi cancanta a roƙa ba ya nan.

Bayan Inna Hure ta fita takaba aka ɗaura aure, Baffa Mati, ƙanen marigayin, ne ya yi walicci. Gwaggo da kanta ta sauko da takalman daga ƙusa ta sa a cikin kayan amarya, ta ce duk mai magana ya zo ya same ta. Huseina ta sami Lawan ɗinta, ta sami sunanta, ta koma fili da dogon wandonta da hijabinta. Mahaƙurci mawadaci, haka ne. Amma ranar da za a kai ta, da aka ce ta shiga ta yi sallama da iyaye, turakar Malam Dabo ta nufa. Ta durƙusa gaban buzun da babu kowa a kai, ta daɗe, sai da Gwaggo ta shiga ta ɗago ta.

Don haka 'yan'uwa, in an kawo muku maganar ɗan wani, ku bincika kafin ku yanke. Gani ya kori ji. Kallon da Gwaggo Barira ta ƙi yi bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba, amma har ta koma ga Allah ba ta sake wucewa ta gonar Dabo ba tare da ta share hawaye ba.