Rubu'in Awa na Shiru

Rana ta faɗi, Manaja na zaune a tsakar gida yana cire takalmi, sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya. Auta, 'yarsa mai shekara goma sha uku, ta ajiye tsintsiya, ta miƙe sambal, ta fara karanta labaran duniya da muryar namiji.

Ya kunna rediyon aljihunsa, ya kasa kunne. Abin da tasharsa ke watsawa shi ke fita daga bakinta, kalma da kalma.

Shi dai Manaja mutum ne da ya fi tsoron shiru a kan mutuwa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana hawa a gidan rediyon gwamnati, daga mai ɗauko kaset har babbar kujera. Yana zama ya soke hutun awa ɗaya da tashar ta saba yi da magariba. Tsohon injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, haka muka tarar, kuma ba don inji ake yi ba." Aka yi masa dariya.

To, tasha ba ta rufewa, Auta ma ba ta rufe baki. Kwana tara tana labarai, tana waƙa, tana sanarwar cigiya. Leɓenta ya tsage, ruwa ma sai an ɗiga mata tsakanin kalmomi. Uwarta ta yi kuka har ta gaji.

"Baban Auta, yarinyar nan mutuwa za ta yi a hannunmu."

Yayan uwar ne ya kawo wani malami. Ya yi karatu tun la'asar har inuwa ta cinye tsakar gida, sannan labaran suka yanke. Muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin Auta, a gajiye.

"A gindin ƙarfen tasharku mai tsawo muke, tun kafin a kafa shi. Awa ɗaya kuka bar mana mu kwantar da 'ya'yanmu. Wata huɗu jikata ba ta runtsa ba. Tasa 'yar ma ta ɗanɗana."

"Yarinya ba ta yi miki komai ba," in ji malam. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A maido mana awarmu."

Manaja ya durƙusa. "Baba, hukuma ta riga ta sa hannu. Ko minti ɗaya na kashe, korata za a yi."

Malam ya yi ta ja da ita har ta sauko zuwa rubu'in awa, kullum, daga yau. Auta ta koma kan labarai, muryar tana ƙara dishewa.

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya isa tasha ana tsakiyar karanta jawabin shugaban hukumar da ta naɗa shi. Tsohon injiniya ya dube shi, ya matsa gefe, Manaja ya kashe na'urar watsa shirye-shirye da hannunsa. Wayoyin ofis suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, bai taɓa ko ɗaya ba sai tasa ta aljihu.

Matarsa ce. Ta kai wayar kusa da fuskar Auta, ya tsaya yana sauraron numfashin mai barci.

"Yallaɓai, shugaba ne a kan layi," in ji sakatariya.

"Ya jira," ya ce a hankali. "Saura minti goma sha ɗaya."