Inda Fatar Take Zuwa

Ranar da Zuwaira ta fara ganin Muntari, hancinta ne ya riga idonta. A shekarar 1981 ne, tana buga tafireta a ofishin wani kamfanin jima a Challawa, shi kuma mai tantance fata ne a can baya, inda ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya shiga. Ya kawo rahoto, ta ja gyale ta toshe hanci.

“Yi haƙuri, Hajiyar Tafireta,” ya ce. “Turarenmu ke nan, ba ma sayarwa.”

“Allah ya ƙara daraja, Sarkin Ƙamshi. Ajiye daga nan.”

Sunayen suka zauna. Kafin wata uku rahoton da ake kawowa sau ɗaya a mako ya koma kullum, ba tare da kamfani ya nema ba.

Mahaifinta, Malam Falalu na Panshekara, dillalin fata ne. Da Muntari ya tura manyansa, tsohon bai ɓoye ba.

“Shekara arba'in ina shan warin nan don 'ya'yana su huta. Yanzu a ce in kai ta gidansa?”

Shi ya fi son Labaran, mataimakin manajan ma'aikata, mai besfa da wando fantalo, wanda ko gaisuwa sai ya yayyafa mata Turanci.

Ana cikin haka kamfani ya tura mutum shida Italiya su ga sababbin injuna, har da Muntari da Labaran. An ware musu kwana uku na yawo da ja-gora, wata Baturiya mai ɗaga lema suna bin ta. Da suka dawo, Labaran ne ya fara isa teburin Zuwaira.

“Ni ba tunkiya ba ce da za a kora ni a bayan lema, ni kaɗai na yi yawona. Amma mutuminki, kwana uku yana manne da Baturiyar nan. Har jaka yake riƙe mata.”

Ranar Zuwaira ta ɓata takarda goma sha ɗaya. Mako biyu tana karɓar rahoto ba ta ɗaga kai. In Muntari ya buɗe baki, sai ta ƙara wa tafireta ƙarfi.

Sannan wasiƙar da ya aiko daga can ta iso, bayan mai ita da kwana goma sha shida, kamar yadda gidan waya ya saba.

“Hajiyar Tafireta, gaisuwa da fatan alheri. Garin nan ba na jin ko kalma ɗaya. An ba mu wata tsohuwa mai lema, jikokinta tara, ta girmi Gwaggo Amina. Ita ke nuna mana abincin da ba alade, ita ta samo mana inda za mu yi salla. Ƙafarta na ciwo, ni ke ɗaukar mata jaka. Na roƙe ta gobe ta kai mu wani wuri saboda Babanki. Duk abin da na gani sai in ce da kina nan. Naki, Sarkin Ƙamshi.”

Akwai hoto a ciki. Zuwaira ta daɗe tana kallon kishiyar da ta yi mako biyu tana tsana, da furfurarta da tabarau. Washegari ta ɗaga kai.

“Me ya hana ka faɗa mini?”

“Tafiretarki ta fi ni murya, Zuwairata.”

Ranar Juma'a da la'asar Muntari da Labaran suka zo gaida Malam Falalu. Zuwaira ta laɓe a bayan ƙofar zaure. Labaran ya ajiye tsarabar agogo, ya shiga bayanin dogayen gine-gine.

“Madalla,” in ji tsohon. “Tun ina yaro nake ɗaure fata ana cewa ta tafi Turai. Kun je. Ina take zuwa?”

Labaran ya ce ai wannan sai an bincika. Da aka matsa, sai ta fito cewa jirgin ƙasan da ya hau ya kai shi wani gari dabam, ya yini biyu yana neman hanyar dawowa, yana cin burodi da ayaba don bai san yadda zai tambayi nama ba. Tashoshi kam ya gan su sosai.

Tsohon ya juya ga Muntari. “Kai fa?”

“Baba, tsohuwar ta kai mu wani ƙauye, gidan wani dattijo sa'anku mai ɗinka safar hannu. Fatar jar akuyarmu ce a gabansa. Ita ke mana tafinta. Ya ɗaga wata ya ce wannan ba a yanke ta wajen fiɗa ba, kuma a inuwa aka shanya ta. Ya ce tun yana saurayi yake son sanin masu wannan aikin. Na ce na san ɗaya. Ya ce in gaishe ku.”

Ya miƙa safar hannu guda biyu, masu laushi kamar kunnen jariri.

Zuwaira ta kasa haƙuri. Ta leƙa. Mahaifinta na juya safar, yana shinshina ta.

“Ya ce a gaishe ni?”

“Ya ce a gaishe ku, Baba.”

Malam Falalu ya kwana da maganar. Da safe ya kira ta.

“Wancan mai besfar ya gwammace ya ɓata da a ce an nuna masa hanya. Aure kuwa garin da ba ku jin yarensa ne, ku duka biyun. Ki gaya wa yaron nan Muntari ya turo.”

An ɗaura aure a tsakiyar bazara, zafi kamar ya narka kwalta. Malam Falalu ya karɓi baƙi sanye da safar hannunsa, gumi na bin gwiwar hannunsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya. Da aka zo tafiya da amarya ne ya cire ta dama, ya dafa kan 'yarsa.

“Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In kun rasa hanya, ku tambaya.”