Saitin da Gidaɗo Ya Gina

Ranar kasuwar Filingué Samiratu ta shigo biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya, da odinata, wato kwamfuta, a jakarta. Gidaɗo, mai kula da na'urorin biron, ya ɗago kai ya gan ta, shayin da yake zubawa ya malale bisa tebur.

Daga Yamai aka turo ta. Ƙungiyar tana tafiyar da rajistar mambobi da saƙonnin rigakafin dabbobi a wata manhaja ta intanet, kuma Gidaɗo ne ya gina saitinta shi kaɗai. Aikin Samiratu shi ne ta sauko da saitin duka, ta mai da shi fayiloli, ta ajiye a Git, inda ake iya komawa ga yadda abu yake kafin a taɓa shi.

"Wato ki kwashe abin da ke kaina a sallame ni," ya ce.

"A'a. So nake ko ka kwanta zazzaɓi aiki ya ci gaba."

Ba ta kwafe komai ba sai ta tambaye shi dalili. Shi ya gaya mata saƙon mutanen Sanam sai da marece yake tafiya, lokacin da suke hawa tudu neman rezon waya. Kafin su kai rabin aikin yana kiranta Samira, tana kiransa Gidona.

Da maganar soyayyarsu ta kai garinsu Samiratu, Bonkoukou, mahaifinta Malam Manzo ya ƙi.

"Ɗiyata ba ta auren ɗan masu shanu. Ga Mansur abokin aikinki, ya aiko tun bara."

Gidaɗo ya ji labarin Mansur a bakin mutane, ya daina kallonta. Hankalinsa ba ya jikinsa ya taɓa wani saiti, saƙonnin rigakafi suka tsaya ana gobe likitan dabbobi zai fita ƙauyuka.

Samiratu ta jawo kujera kusa da shi, ta maido da saitin jiya, saƙonni suka fara fita. Da ta koma masauki ta rubuto masa:

"Gidona, Mansur ya tambaya, na ce a'a tun bara. Kai kuwa ba ka tambaye ni ba ka yi fushi. Ni na san wanda nake so."

Amsarsa ba ta jima ba: "Ki gafarce ni, Samira. Yaushe Baba zai fara girbi?"

Ranar girbin ya bayyana a gonar, ya gaida Malam Manzo, ya shiga yankan hatsi. Hannunsa ya yi kanta, damensa ya kwance sau biyu, amma bai nemi inuwa ba. Washegari ya dawo, haka jibi.

Malam Manzo ya kira ɗiyarsa.

"Yaron ga bai iya ɗaurin dame ba."

"Bai iya ba, Baba."

"Amma bai zauna ba. Kina son shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina son shi."

"To, shi turo magabatanshi."

Bayan an cika rumbuna aka ɗaura aure a Bonkoukou. Dangin ango suka zo da ƙwaryar nono, dangin amarya suka dama fura da sabon hatsi. Malam Manzo ya riƙe hannun Gidaɗo ya daɗe bai saki ba.

"Na ba ka ita. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a mai albarka."

Jama'a suka amsa da amin.