Ɓeran Gindin Tsamiya

Da la'asar sakaliya, a kakar 1956, Ɗanjuma ya fito daga ɗakin ɓerayen bincike na Samaru da tarko a hannu. Aikinsa ke nan tun da aka buɗe wurin: ya kamo, ya ciyar, ya wanke keji. Shi ya ƙera akwatin katakon nan mai lunguna, inda ake sakin ɓera ya nemi ƙuli-ƙuli a can ƙurya, Baturen wurin yana leƙe daga sama.

Amma askar tiyata a hannun Bamidele take. Ɗan Sabon Gari ne, bara-bara aka ɗauke shi, hannunsa ba ya rawa. Shi ke shaƙa wa ɓera maganin barci ya buɗe ƙoƙon kai. In ya taɓa wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ɓera ya manta hanya ƙaf. In na gaban goshi ya taɓa, hanyar tana nan daram, sai dai in aka toshe ta aka buɗe wata, ɓeran ba zai iya sauyawa ba. Haka zai yi ta dukan katako da hanci.

To, ga shi za a tura mutum ɗaya Ibadan koyon aiki, ya dawo babban mataimaki. Ƙyashi ya hana Ɗanjuma cin tuwo. Ko ƙararrawar keken Bamidele ya ji, sai ransa ya yi baƙi. Ya ƙudurta zai yi aikin nan da hannunsa a ɓoye, gobe ya ajiye wa Bature ya gani.

Bature ya san ɓerayen kejinsa, don haka Ɗanjuma ya nufi tsamiyar bayan gonar dawa, inda ramuka suke birjik. Mutanen ƙauyensu ko tsinke ba sa ɗauka a wurin, sun ce dabbobin Doguwa ne, aljanar da kakanni ke yi wa yanka. In ta kama dole, sai ka zuba nono a gindin itacen ka roƙi izini. Ɗanjuma ya san wannan sarai, amma sauri yake, ya ce ai ɓera ɓera ne.

Wanda ya faɗa tarkon bai yi tsalle ba. Kallonsa kawai yake yi.

Da ya koma ɗakin ɓerayen, kowa ya tashi daga aiki. Ɗanjuma ya aske kan ɓeran, ya yanki sashen gaban goshi, ya ɗinke. Hannunsa bai yi rawa ba, har ya yi murmushi ya ce, "Ibadan dai sai ni."

Rana ta faɗi lokacin da ya kama hanyar gida, 'yar siririyar hanyar da ta ratsa gonar dawa. Dawar ta fi shi tsayi. Ya zo inda yake karya dama kullum, sai ya tarar kara ya rufe wurin ruf. A hagu kuwa ga wata hanya a buɗe, har yana hango hayaƙin ƙauyensu.

Gyare ya yi shiru. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya taso daga bayan karan.

Ya ɗaga kai. Wata doguwar mace ta sunkuyo a kan gonar tana leƙensa, haɓarta bisa hannu, kamar yadda Bature ke leƙen akwati.

Ƙamshin ya juye ya zama warin maganin barci.

"Ɗan nan," ta raɗa masa a kunne, alhali tana can sama. "Ta ina ka yanke nawa?"

Ta ƙara sunkuyowa.

"Ta nan ne?"

Wani abu mai sanyi ya sauka a goshinsa. Ya ji ƙarar aska a kansa.

Ya yunƙura zai bi hagu. Ƙafafunsa suka karya dama, ya daki kara. Ya ja baya, ya ce hagu, hagu. Suka sake karya dama.

Ya sake dukan karan. Jini ya cika masa baki.

Can sai ga ƙararrawar keke. Bamidele ne, ya dawo rufe tagogin ɗakin ɓerayen ya ji ana fasa dawa. Ya yar da keken, ya cafki hannunsa.

"Yaya Ɗanjuma! Ga hanya nan, me kake nema a cikin kara?"

"Ja ni," in ji Ɗanjuma da ƙyar. "Kada ka sake ni."

Washegari aka tarar da kejin da ya sa ɓeran a rufe, ba komai a ciki. A goshin Ɗanjuma kuwa akwai ɗan tabo mai ɗinki, wanda babu likitan da ya yi shi.

Hankalinsa lafiya lau, hanyoyin da ya saba duk yana bin su. Amma da aka toshe ƙofar ɗakin ɓerayen aka fasa sabuwa ta gabas, kullum da safe sai a gan shi a jikin bango, goshi a kan siminti, yana cewa, "Na sani, wallahi na sani." Bamidele ke jingine keke ya kamo hannunsa ya shigar da shi.

Ranar da Bamidele zai hau jirgin Ibadan, Ɗanjuma ya riƙe hannun nan da ya daɗe yana ƙyashi, ya ƙi saki.

"To gobe wa zai shigar da ni?"