Mai Cigiyar Yaran Unguwa

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo tsakar gidan Usumanu a unguwar Congo-Russia. Matarsa Aisatu tana tankaɗe a bakin madafa, sanyin yamma ya fara shiga jiki. Dutsen ɗan ƙarami ne, baƙi, nauyinsa ya fi girmansa. Usumanu ya juya shi a tafin hannu. Rabonsa da irinsa tun yana yaro, lokacin da suke tsintar kuza a bakin kududdufin bayan unguwa, inda yanzu aka cike aka jera shaguna.

Kwana shida ana jifan, kullum da faɗuwar rana, bai taɓa samun kowa ba. A na bakwai 'yarsu Maijidda, mai shekara goma sha biyar, ta ajiye bokitin ruwa, ta fuskanci katangar gabas, ta yi magana da muryar tsoho.

"Emenike. Nkoli. Dachung. Ku fito mana."

Aisatu ta riƙe hannun mijinta. "Baban Maijidda, su wa take kira?"

Usumanu ya dubi katangar. A gidan nan aka haife shi, lokacin babu katangar, sai ɗan shinge da yara ke tsallakewa. Bayansa gidan su Emenike ne da ƙanwarsa Nkoli, 'ya'yan wani Ibo mai gyaran keke. Uwarsu ce ta goya Usumanu zuwa wurin mai ɗori ranar da ya faɗo daga gwaiba. Su Dachung kuwa a ƙarshen layi suke. Sai rikici ya zo, wani ya biyo baya, kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin masu irin addininsa. Fiye da shekara ashirin ke nan sunayen ba su fito daga bakin Usumanu ba.

Maijidda ta daina cin abinci. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Da ta kai ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, Usumanu ya je Naraguta ya ɗauko Malam Lukuman, wani dattijo da aka sani da ruƙiyya.

Malam ya iso bayan la'asar. Aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya daɗe yana karatu a kanta, har ta ɗago kai.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabci ne. A gindin gwaibar da aka sare nake, tun kafin kakan mai gidan nan ya zo."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Ɗan barci na yi, na farka ban gane garin ba. A da in na yi jifa, yara huɗu ke fitowa a guje, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya jefa. Yanzu na yi ta jifa, shiru. A kawo mini su, in sake ta."

"Wannan ba ya hannunmu. Ka ji tsoron Allah, ka nemi abin da zai yiwu."



"To, mai gidan ya faɗa mini inda suke," in ji muryar.

Malam ya dubi Usumanu. Shi kuwa ƙasa yake kallo, muryarsa ba hawa ba sauka.

"Emenike ya koma Onitsha, an ce tayoyi yake sayarwa. Nkoli tana Tudun Wada. Sau biyu muka haɗu a kasuwa, na kau da kai, ita ma ta kau."

"Dachung fa?"

"An kashe shi a rikicin farko, a bakin layinmu. Ya buga ƙofar gidan nan yana kiran sunana. Ina jinsa. Ban buɗe ba."

Aisatu ta saki kofin da ke hannunta. Babu wanda ya duƙa ya ɗauka.

"Na huɗun fa?" in ji muryar.

"Ga ni."

Idanun Maijidda suka tsaya a kansa, suka daɗe.

"A'a. Shi ma ba ya nan."

Malam Lukuman ya umarci mai muryar ya rantse da Allah ba zai sake taɓa yarinyar ba, ba kuma zai dawo gidan ba.

"Na rantse. Me zan dawo yi?"

Maijidda ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Ba ta tuna komai ba.

Usumanu ya raka Malam bakin titi, ya tare masa Keke Napep, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki. Ya laluba zuciyarsa ko zai sami kuka, bai samu ba. Aisatu ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a kansa.

"Shekara goma sha bakwai muna tare. Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya jawo kwanon, ya wanke hannu.

"Ba wanda ya taɓa tambayata," ya ce.